Ranar da Inna Ta Shanya Cukun Madam Odet

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar watan Yuli, shekarar da na cika goma sha ɗaya, ina zaune a bakin tagar ɗakin girkinmu a hawa na biyar a unguwar Concourse Village da ke New York, da muciya a hannuna, ina gadin cuku. A ƙasa yaran unguwa sun kwance famfon kashe gobara, ruwa na feshi har tsakiyar titi, ƙawayena suna tsalle a ciki suna ƙwala mini kira, "Zuwaira! Zuwaira!", ni kuwa an dasa ni ina korar tantabaru. Wannan ne aikina duk lokacin zafi tun ina 'yar shekara bakwai. Inna takan tashi da asuba ta ɗumama madara galan biyu, ta ɗiga mata abin daskarewa na tumbin ɗan akuya da wani mahauci mutumin Tahoua yake ajiye mata, in ta kama ta baje ta fale-fale a kan 'yan tabarmin kara, ta jera su a kan matakalar ƙarfen gudun gobara da ke bayan tagarmu. Daga nan saura aikin rana da nawa. Tantabarun Bronx kuwa ba su da kunya ko ta ƙwayar zarra. Ka kori ɗaya ta dama, biyu su sauka ta hagu, su dube ka ido cikin ido kamar su ke biyan kuɗin madarar.

Na tsani aikin nan, ba zan ɓoye ba. Sufa, wato mai kula da gininmu, ya yi wa Inna magana ya fi a ƙirga cewa doka ta hana ajiye kaya a matakalar, ita kuwa sai ta naɗe masa cuku biyu a takarda, ya tafi yana ƙunƙuni yana taunawa. A makaranta in na fito da nawa lokacin cin abinci, yara su ce Zuwaira na cin kwali. Na roƙi Inna ta riƙa saya mana irin na shago mai laushi, ta dube ni sama da ƙasa ta ce abin da bai sha rana ba bai zama abinci ba. A ƙauyensu da ke arewacin Tahoua haka ta tarar ana yi, haka kakarta ta yi, kuma a duniya ba ta da abokan gaba kamar danshi da fumfuna. Ko burodi ne ya yi ɗan tabo kore, sai ta wanke durowar da ruwan zafi har sau biyu, ni ce kuma mai gogewa.

Da la'asar ɗin ranar Baba ya dawo daga layin tasi na filin jirgin JFK da ambulan a aljihu. Tikitin jirgi ne guda biyu, ni da Inna, za mu Faransa ganin Kawu Idi. Kawu Idi ƙanen Inna ne, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma rabonta da shi shekara tara. Neman aiki ya kai shi wata gonar shanu a yankin Auvergne, wurin wata tsohuwa mai yin cuku. Ni duk wannan bai dame ni ba. Abin da kunnena ya kama shi ne za mu yi mako ɗaya a ƙauye, sannan kwana huɗu a Paris. Kafin magariba duk wanda muke tsallen igiya da shi a unguwa ya san zan hau hasumiyar ƙarfen nan ta Paris, har na yi wa mutum uku alkawarin tsaraba. Inna kuwa tsarabarta ta riga ta shirya: cuku arba'in da na yi gadi da gumina, da kilishi, da turmin atamfa na uwar ɗakin ƙanenta.

Paris dai ta tagar mota na gan ta, daga filin jirgi zuwa tashar jirgin ƙasa. Muka yi ta tafiya kudu har gidaje suka ƙare, Kawu ya tarye mu da wata tsohuwar mota mai warin madara, muka yi ta hawa muna kewaya tuddai. Ƙasar kore ce shar, tuddan masu zagaye kamar an kife ƙore, Kawu ya ce a zamanin da duk aman wuta suke yi. Ina jin haka na ce a raina, to, an rabo ni da New York an kawo ni bakin murhu. Inna ba ta ko kalli tuddan ba, shanu take kallo, jajaye masu dogayen ƙaho da ƙararrawa a wuya. Ta ce wa Kawu ai waɗannan shanun Bararo ne aka cire musu tozo, suka yi ta dariya, suna kiran sunayen shanun gidansu da suka mutu tun kafin a haife ni. Gidan na dutse ne baƙi, babu maƙwabci sai iska, ga sanyin safiya a tsakiyar watan Agusta. Na kewaye shi kaf cikin minti goma, na leƙa garke, na leƙa rumbun ciyawa, karen gidan ya biyo ni na ruga, shi ke nan na gama yawon buɗe ido.

Madam Odet, mai gidan, 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai farin gashi da hannuwa kamar na maƙeri. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun tafi birni ba su da niyyar dawowa. Ba ta jin Hausa, Inna kuma Faransancinta bai wuce gaisuwa da ƙirgen kuɗi ba, don haka komai sai Kawu ya fassara. A daren farko, muna cin abinci, ya ciro wani babban mabuɗin ƙarfe daga aljihunsa ya ajiye a gaban Inna kamar wanda ya kawo takardar digiri. Ya ce shekara huɗu ya yi a gidan yana tatsa, yana kwasar kashin shanu, yana wanke bokitai, amma ɗakin ƙasa inda cuku ke nuna ko ƙofarsa tsohuwar ba ta bari ya taɓa ba. Sai bana ta ba shi mabuɗin, ta ce in ya riƙe amana har ƙarshen shekara, shi za ta bar wa sana'ar in ƙarfinta ya ƙare. Inna ta sa masa albarka, ni kuwa ina ta lissafin kwanakin da suka rage mu tafi Paris.

Washegari ya kai mu ganin ɗakin. Matakala goma sha tara ce zuwa ƙasa, na san adadinsu don daga baya ƙafafuna sun haddace su. Tun a ta biyar wari ya tarye mu, irin na rigar da aka manta a cikin bokiti mako guda. Ciki duhu, bango na tsattsafo da ruwa, ga cuku jere a kan katakai, kowanne faɗin ƙaramin faifai, an ɗora su a kan karan hatsi, kuma kowanne ya lulluɓe da fumfuna toka-toka mai gashi. Kawu yana ta bayani da alfahari: a nan suke kwana makonni, ana juya su, ana shafa su da ruwan gishiri, fumfunar nan ita ce ke ba su ɗanɗano, saboda ita mutane ke tahowa daga nesa. Inna ta ja gefen mayafinta ta rufe hanci, ta yamutsa fuska, ta ce "Allah shi ƙara albarka." Da muka koma ɗakinmu ta rufe ƙofa ta zauna a bakin gado tana girgiza kai. "Kin gani ko? Wagga tsohuwa ƙarfinta ya ƙare, kayanta na ruɓewa, Idi kuma rufa mata asiri shi kai. Ɗan halas ne, ba shi faɗin aibin uwar ɗakinai." Na ce mata da Turanci ina jin fa haka abin yake, na taɓa ganin irinsa a wani shago a Manhattan da tsada. Ta ce gwano ba ya jin warin jikinsa, ta ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ga yadda Inna ta ɗauki al'amarin, kuma sai da na girma na gane ba wauta ba ce. A wurinmu in ka sauka gidan tsoho ka ga aiki ya fi ƙarfinsa, ba ka tambayarsa ko yana son taimako, don tambayar ita ce cin fuska. Jira kake ya ba da baya ka yi aikin, in ya dawo ka yi kamar ba ka san an yi ba. Ranar Laraba Madam Odet da Kawu suka loda mota da sassafe suka tafi kasuwar garin da ke ƙasan tudu. Kawu ya rataye mabuɗin a ƙusa bayan ƙofar ɗakinsa, don a ganinsa wa zai ɓoye wa abu a gidan da babu kowa sai yayarsa. Ƙurar motar ba ta kwanta ba Inna ta ɗaura ɗamara, ta ɗora ruwan zafi, ta nemo burushi da wuƙa, ta shimfiɗa zannuwanta a kan katangar dutse da ke fuskantar rana. Ni ce mai ɗaukowa. Na ce ba zan je ba, ta kalle ni irin kallon da ya sa ko a yanzu in na tuna sai na gyara zama, na tafi.

Cuku talatin da biyu na haura da su, biyu-biyu, ina toshe numfashi, fumfuna na manne mini a rigar da na ajiye don hoton Paris. Inna na kankarewa, tana wankewa, tana yanka kowanne gida biyu ta faɗi don rana ta ratsa shi, tana jerawa, har da 'yar waƙarta ta daka. Ban taɓa ganinta cikin nishaɗi irin na ranar ba. Da ta gama sai ta miƙo mini sanda. Wato na ƙetare teku, na kwana a jirgi, na hau jirgin ƙasa, don in zo Faransa in yi gadin cuku! Bambancin kawai a nan ƙudaje ne da kare maimakon tantabaru. Kafin azahar na fara ganin abin da bai yi kama da namu ba. Namu in ya sha rana ƙanƙancewa yake ya yi tauri. Wannan kuwa gumi ya fara, mai na tsattsafowa, tsakiyarsa na narkewa yana bin zane, gefensa na tsagewa. Na kira Inna, ta zo ta duba ta ce ruwan cutar ne ke fita. Ina juya baya kare ya sure rabi ɗaya ya yi bayan garke da shi.

Wajen ƙarfe biyu motar ta shigo. Ina sa ran ihu, don a fim Faransawa ihu suke yi. Madam Odet ta sauko ta tsaya, ta daɗe tana kallon katangar. Sannan ta taka a hankali ta ɗora tafin hannunta a kan guda ɗaya, yadda ake taɓa goshin yaro mai zazzaɓi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Inna na gefe tana share tsakar gida, wai ita ba ta san an yi komai ba, tana jiran godiya ta wutsiyar ido. Tsohuwar ta juyo, ba ta kalli Inna ba, ta miƙa wa Kawu hannu. Ya shiga ciki ya fito da mabuɗin, ya sa mata a tafi, ta jefa shi a aljihun rigar aikinta ta shige gida ta rufe ƙofa.

Sai a lokacin Inna ta ajiye tsintsiya. Ta fara da faɗa, wai wane irin mutane ne waɗannan da ba su san alheri ba. Kawu, wanda tun da aka haife shi bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai ɗaga ba ranar ma. Ya zauna a kan dutse ya cire hularsa. "Yaya, na faɗa miki haka ake son shi. Nonon mako biyu ne wannan, an riga an yi wa mutane alkawarinsa. Shekara huɗu na yi kafin ta yarda da ni." Na ga fuskar Inna ta sauya, kuma tsoro ya kama ni, don ban taɓa sanin Inna na iya yin kuskure ta kuma gane ta yi ba. Da yamma na ji ta ce wa kanta a hankali, "Gyaran gangar Abzinawa."

Da asuba ta tashe ni, ta ce babu zancen Paris. Na yi kuka, na yi birgima, na ce da Turanci wannan zalunci ne, ita ta yi ɓarna ni za a hukunta. Ta ce in na gama in same ta a garke. Ta je ta durƙusa har ƙasa a gaban Madam Odet, matar da ban taɓa ganin ta durƙusa wa kowa ba sai a sallah. Tsohuwar ba ta gane ba, ta zaci gwiwa ce ta riƙe mata, ta turo mata kujerar tatsa da ƙafa ta ci gaba da aikinta. Inna ta zauna a kujerar, ta jawo bokiti. Daga ranar har muka bar gidan, kwana tara cur, mu ne masu wanke bokitai, mu ne masu share garke, mu ne masu kora shanu zuwa tudu da dawo da su. Na zame a kashin shanu sau biyu, ƙaiƙayin wata ciyawa ya kumbura mini ƙafa, takalmina na Paris ya mutu murus. Tsohuwar ba ta hana mu ba, ba ta kuma ce mana sannu ba. Tsarabar atamfa tana nan a kan teburi yadda aka ajiye ta.

Ana saura kwana uku mu tafi, Inna ta roƙi Kawu ya nemo mata nono kwano ɗaya a wurin tsohuwar. Aka ba ta. Ta zauna a tsakar gida ta yi cukunmu tun daga farko, ta baje a kan kara, ta shanya a katangar nan da ta jawo mana masifa. Madam Odet ta zo wucewa ta tsaya. Ba cukun take kallo ba, hannun Inna take kallo, yadda ta tsoma ɗan yatsa ta gane madara ta kama, yadda ta tsame ruwan ba tare da ta farfasa shi ba. Washegari da ya bushe Inna ta miƙa mata ɗaya da hannu biyu. Tsohuwar ta ciza, ya yi ƙaras, ta yamutsa fuska daidai yadda Inna ta yamutsa tata a ɗakin ƙasa, ta faɗi wata magana. Kawu ya ce cewa ta yi nono mai kyau aka ɓata. Na zaci Inna za ta tashi da faɗa, sai na ga ta kama baki tana dariya. Tsohuwar ba ta yi dariya ba, amma ta ƙarasa cinye shi, ta kama Inna a wuyan hannu ta ja ta ɗakin ƙasa, ta nuna mata yadda ake juya nasu. Inna ta juya guda uku tana riƙe numfashi.

Duk da haka muka baro gidan mabuɗin na aljihun tsohuwar. A tasha Inna ta riƙe hannun Kawu, shi ne ma yake ba ta haƙuri. Muka dawo Bronx ba hoto, ba tsaraba, na shiga aji shida da labarin kashin shanu, ƙawayena suka yi mini dariya har ta ishe su. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne Inna ta daina yin cuku. Ga rana ƙwal a watan Satumba, tabarmin na naɗe a bayan firiji, matakala wayam. Abin da na shekara huɗu ina roƙon Allah ya samu, amma gidan ya yi wani iri, kuma duk sallah ina jin sunan Idi a bakinta. Wata Lahadi da hantsi waya ta yi ƙara, Baba ya sa ta a sifika. Kawu bai yi sallama ba ma, sai muka ji ƙarar mabuɗin ƙarfen nan yana kaɗawa a jikin wayar, ƙwal-ƙwal-ƙwal. Inna ta rufe fuska da mayafi ta daɗe a haka. Da ta buɗe sai ta ce, "To, ai da ma na ce muku tsohuwar tana da hankali." Ta juyo gare ni ta ce in ɗauko tabarmi in kuma nemo muciyata.

Yau shekara goma sha bakwai ke nan. Madam Odet ta rasu, Kawu ne ke riƙe da ɗakin ƙasa, har ya ɗauki masu taya shi, kuma na ji an ce ba ya rataye mabuɗi a ƙusa. Duk wanda zai zo daga can sai ya ba shi cuku ɗaya ya kawo mana, Inna kuma har ta bar ƙasar nan ba ta fasa fere bayansa da kauri kamar yatsa kafin ta ci ba, tana cewa cikin dai babu laifi. Bara waccan ta koma Tahoua ita da Baba, ta ce sanyin New York ya ishi gwiwoyinta. Ni na gaji gidan da tagar. Ina aikin jinya a wani asibiti, ina iya sayen tikitin Paris duk ranar da na ga dama, har yau ban je ba, kuma har yau in na tuna sai na ji haushin ya taso mini sabo. Amma ranar Asabar in zafi ya yi, yara suka kwance famfo a ƙasa, nakan sami kaina zaune a bakin tagar nan da shayi, ina jiran a ƙwala mini kira daga ɗakin girki a ce na bar ɗaya ta sauka. Tantabarun suna nan suna sauka, sai dai yanzu babu abin da zan hana su.